Amsar Gwaggo a kan furta zunubi ta waya

Ɗana, saƙonka ya iso, sai da na sa aka sake karanta min shi don na ɗauka idona ne ke min wasa. Wai tunda saura wata ɗaya aurenku kuma katikis, malamin koyar da addini a coci, ya ce ku je ku furta zunubi gaban Fada kafin ranar, ko za ka iya yi wa Fada saƙon murya ta WhatsApp ka lissafa masa komai shi kuma ya turo maka gafara, don ya san ka tun kana yaro kana taya shi aiki a bagade, kunyarsa kake ji. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don in kai da ka tashi a gindin bagade kake wannan tambaya to ina ga sauran yaran unguwarku ta Nima a Accra.

Da kakanka na da rai kalma ɗaya zai ce maka, zuwa da kai ya fi aike. Mutumin Navrongo ne, can inda Fada-fada suka fara sauka a arewa a 1906, aikin gadi ya kawo shi Kumasi, karatunsa bai yi nisa ba amma sakramenti bakwai ɗin nan yana lissafa su da yatsu, ya ce ku duba da kyau babu ko ɗaya da ake yi wa mutum ba ya wurin. Baftisma ruwa ne a kanka, ƙarfafawa mai ne a goshinka, Jibi, wato gurasar jikin Almasihu, a harshenka, mara lafiya sai an je har gadonsa an shafa masa mai, wanda za a naɗa Fada sai bishop ya ɗora masa hannu a ka, aure ma ku biyun ne za ku tsaya da ƙafafunku ku ba juna alkawari, Fada shaida ne. To don me na furta zunubi zai fita daban.

Bari in ba ka labarin babanka, ai yanzu ba zai iya hana ni ba. A 1963 aka shirya mu karɓar Jibi na farko ni da shi tare, don Inna ta ce ba za ta yi ɗinki sau biyu ba. Mun daɗe muna hawa Roman Hill da yamma koyon katikisma, tambaya da amsa duk da ka, katikis na riƙe da tsumagiya amma ban taɓa ganin ya sauke ta a kan kowa ba, shi ya sa da Paparoma John Paul na biyu ya zo Kumasi a 1980 ya karrama katikis-katikis na ce lallai mutumin nan ya san masu wahala. Ranar Asabar ta furcin farko muka yi layi a cikin cocin St. Peter's, tsit kake ji sai ƙarar benci, kowa ya durƙusa yana ƙirga laifinsa kamar yadda aka koya mana, ka tuna, ka yi nadama, ka faɗa, ka biya. Babanka na gabana gwiwarsa sai rawa take. Ya shiga akwatin furta zunubi ya daɗe, wani Fada Bature ne a ciki bayan labule, da ya fito ido jawur bai ko kalle ni ba ya wuce ya yi addu'ar da aka ba shi, sai a hanya wajen kasuwa ya kama hannuna ya ce Yaya ara min sisi. Ashe sisi ya taɓa ɗaukewa a faifan Hajiya mai koko ta ƙofar gidanmu, Fada kuma ya ce masa addu'a kaɗai ba ta mai da kuɗin mutane, shi da bakinsa ya gaya min. Sisin da na tara na ɗankunne na ba shi, har yau ban ga biya ba, kai ne magaji ka san da wannan.

Muka iso Hajiya na wanke ƙullu, ya tsaya ya miƙa mata kuɗin yana kuka maganar ta ƙi fita. Ita ko ba ta ma san ya ɓata ba. Ta dube shi ta dubi sisin, ta goge hannu a zani ta karɓa, ta ce wa Inna wannan malamin naku ya iya tarbiyya, gobe in sun dawo coci kokonsu da ƙosai a kaina. Da dare Inna ta ce masa ka gani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kunyar da ka ji ita ce rabin maganin. Kashegari kuwa ko ruwa ba mu kurɓa ba tun tsakar dare, alhali tun 1957 an rage azumin Jibi zuwa awa uku, Inna ta ce ita dokar da ta taras take bi. Muka wuce ta gaban tukunyar koko tana tururi da farin kaya da cikin da ke kuka, Mas kuma lokacin da Latin ake yi, Fada ya ba mu baya.

Yanzu awa ɗaya ce kacal tun 1964, ruwa da magani ma ba sa karya ta, amma ina ganin yara da cingam a baki suna bin layin Jibi. Ranar Lahadi kowa ya tashi karɓa, ranar Asabar Fada na zaune shi kaɗai yana gyangyaɗi. Jibi na farko ya koma bikin anko da kek da mai hoto, ka tambayi yarinya me ta karɓa ta hau kallon uwarta. Laifin namu ne iyaye da kakanni, ban cire kowa ba.

Maganar kunya kuma, wa ya ce dole sai Fadanku na St. Kizito? Ka hau tirotiro ka je babban coci na Adabraka ka durƙusa gaban wanda bai san ko sunanka ba. Shi Fadan naku ma abin da ya ji a wurin nan ba ya fita bakinsa ko da wuƙa a wuya, in ya faɗa shi da kansa ya fita daga coci, kuma kada ka ɗauka naka ne zai girgiza shi, ya ji na waɗanda suka fi ka.

Ni abin da ma ya fi damuna, an yi maka ƙarfafawa kuwa? Na tuna shekarar da bishop ya zo kana kwance da ƙyanda, ban sani ba ko uwarka ta sake kai ka. Ka nemo katin baftismarka ka duba, za su tambaye ka shi. Ka gaishe min da amaryar, ka ce mata zanin da ta aiko ya yi, sai dai telana ya ce yadi shida ba zai kai har da ɗankwali ba.