Juyayin kisan Yahudawa goyon bayan Isra'ila ne?

Malam, ka tambaya ko duk wanda ya yi juyayin kisan kiyashin da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa ya zama mai goyon bayan Isra'ila ke nan. A ganina, a'a.

Mutum wajen miliyan 6 aka hallaka, kuma ta'asar ta ƙare a 1945, shekara uku kafin a kafa Isra'ila. Yaran da aka kashe a Auschwitz, sansanin kisa na gwamnatin Hitila a Poland, ba su ƙwace gonar kowa ba. Ranar 27 ga Janairu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2005 don tunawa da wannan kisa ita ce ranar da sojojin Tarayyar Sobiyet suka 'yantar da fursunonin sansanin. Kuma ka san Musulmin Albaniya da yawa sun ɓoye Yahudawa a gidajensu a lokacin?

Inda nake ganin gaskiyarka shi ne yadda wasu 'yan siyasa ke fakewa da wannan tarihi don rufe bakin mai sukar abin da ake yi a Gaza. Falasɗinawa ma suna da tasu ranar, 15 ga Mayu, ta tunawa da Nakba, lokacin da sama da mutum 700,000 suka rasa matsugunansu a 1948.