Zaga tsohon garin Prag da ƙafa a wuni ɗaya

Ɗan'uwa, kana tambaya ko wuni ɗaya zai ishe ka ka zaga tsohon garin Prag, babban birnin ƙasar Czech, da ƙafa. Eh zai isa sosai ma, wuraren a kurkusa suke, daga dandalin tsohon agogon nan na 1410 zuwa gadar Charles da ke kan kogin Vltava tafiyar kamar minti goma ce.

Amma don Allah ka sa kambas mai laushi, titunan duk shimfiɗar ƙananan duwatsu ce, ni da takalmin fata na je kuma kafin la'asar tafin ƙafata zogi yake. Fadar Prag kuma, wato tsohuwar fadar sarakuna, can bisa tudu take a tsallaken kogi, gara ka hau tiram (jirgin ƙasa na cikin gari) lamba 22 ya kai ka sama sai ka gangaro a hankali har gadar.