Daji Ya Mutu Ne?

Tambaya: Malam, babana tsohon maharbi ne a Maiwurno, ƙasar Sudan. Kullum zancensa barewa da gadar da, wai yanzu daji ya mutu. Ni ma in rataye bindiga ke nan?

Amsa: Ɗana, Baba bai yi ƙarya ba. Gonakin tarakta na dawa da riɗi sun cinye dajin Gadarif da Sinnar. Dindir kuwa gandun namun daji ne tun 1935, harbi a cikinsa laifi ne. Amma zabi da zomaye suna nan. Ni bayan girbi nake sammako da karena, in bi sawun zabi cikin kara, inda suke tsintar tsaba. Nemi lasisi tukuna. Kuma ka tafi da Baba, ya fi ka sanin makwancin zomo.