Ya kira ni ɓarauniya a gaban jama'a, na rama

Tambaya: Baba Fasto, ina sana'ar POS a bakin kasuwa. Makon jiya wani mutum da ban sani ba ya zo cire naira 20,000. Alat ya shigo wayarsa cewa an cire, ni kuwa na'ura ta nuna bai yi ba. Na ce ba zan ba shi kuɗin da bai shigo mini ba. Sai ya hau ni da zagi, har ya kira ni ɓarauniya mutane na ji. Ni ma ban raga masa ba. Ran Lahadi na kasa ɗaga kai a majami'a. Alherin Kirista shi ne in ba shi kuɗin? Ko in yi shiru ya ci mutuncina?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Hana kuɗin da kika yi daidai ne, kada wannan ya dame ki. Jari ne, wataƙila ma ba naki ba ne ke kaɗai. Abin da ya hana ki ɗaga kai ran Lahadi maganar da ta fito daga bakinki ce, kuma ina jin kin riga kin sani.

Shiru ma ba dole ba ne. Da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, bai rama ba, amma bai haɗiye ba. Ya tambaye shi: in na faɗi abin da ba daidai ba, nuna mini, in kuwa gaskiya na faɗa, don me ka mare ni? Yana cikin Yahaya 18:23. Kina da damar cewa, "Malam, ni ba ɓarauniya ba ce, ga rasit ka duba." Abin da ba ki da dama shi ne ki tsallake maganar kuɗi ki koma kan uwarsa ko ƙabilarsa.

Wurin da na fi so ki karanta shi ne Luka 9, daga aya ta 51. Yesu na hanyar Urushalima, ya aika a nema musu masauki a wani ƙauyen Samariyawa, mutanen suka ƙi karɓarsa. Almajiransa Yakubu da Yahaya suka fusata, suka ce a bar su su kira wuta daga sama ta cinye garin. Ba banza ba Yesu ya laƙaba musu suna 'ya'yan tsawa. An wulaƙanta su kam, babu musu. Duk da haka su ya juya ya tsawata wa, ba 'yan ƙauyen ba, suka wuce wani gari. Ki buɗe babi na 10 kuma ki gani: da ya tashi ba da misalin maƙwabci nagari, Basamariye ya ɗauko, ɗan mutanen da suka rufe masa ƙofa. Wulaƙancin yini ɗaya bai sa ya yanke musu hukunci ba.

Ke ma minti nawa kika san mutumin nan? Ba ki san ko kuɗin magani ba ne, ko na aike, ko su ke nan a asusunsa. Mutumin da ya ga kuɗinsa sun fita daga banki ba su shiga aljihunsa ba, tsoro ne ke magana a bakinsa. Bankin ba ya gabansa, netwok ba ta da fuska, ke ce a zaune. Wannan bai wanke zaginsa ba, amma yana sauya yadda za ki amsa.

Karin Magana 15:1 ta ce amsa mai taushi tana kwantar da hasala. Na ga masu ɗaukar wannan a matsayin laƙani, su yi taushi sau ɗaya, in bai ci ba su ce sun gwada. Wani za ki sassauta murya ya ƙara ɗaga tasa. Shi ya sa Bulus, a Romawa 12:18, ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Nasa harshen ba ya hannunki.

In haka ta sake faruwa, kuma za ta sake, ki ce masa ya zauna. Ki juya na'urar ya gani da idonsa, ki ba shi rasit, ki bayyana masa cewa irin wannan kuɗi yakan dawo, in bai dawo ba ya kai rasit ɗin bankinsa. In ya fara neman kai hannu, ki kira maƙwabtanki ko shugabannin kasuwa, wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Shi kuma wancan, in kika hango shi zai wuce, ki riga shi gaisuwa, ki tambaye shi ko kuɗin sun dawo. Ki nemi gafara kan kalamanki kaɗai, ba kan kuɗin ba. In ya kawar da kai, ki ƙyale shi, ki sallami na gaba a layi.