Amsa: Ina Viola Davis take kafin ta yi suna?

'Yar uwa kin tambaya wai ya aka yi sai da Viola Davis, 'yar fim ɗin Amurka, ta manyanta duniya ta san ta, ko daga baya ta shiga harkar ne. A'a wallahi, matar nan ta daɗe tana fama, a dandamali take, wato wasan gaban jama'a kai tsaye wanda babu a yanke a sake ɗauka, shi ya sa mu masu kallon fim kawai ba mu san da ita ba.

An haife ta 1965 a jihar South Carolina ta Amurka amma a jihar Rhode Island ta tashi cikin talauci na gaske, da bakinta ta faɗa ɓeraye sun cika gidansu kuma sau da yawa da yunwa take zuwa makaranta, a haka ta daure har ta shiga Juilliard, makarantar koyon wasan kwaikwayo da kiɗa a New York, ta gama 1993, ta ci Tony, babbar kyautar wasan dandamali, a 2001.

Fim ɗin Doubt na 2008 ne ya fito da ita, 'yan mintoci kawai aka ba ta gaban Meryl Streep, tana magana hawaye da majina na zuba ko gogewa ba ta yi, ni dai wurin nan har yau yana taɓa min zuciya. A 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy, kyautar shirye-shiryen talabijin, ta babbar jarumar dirama. Kyautar fim ta Oscar kuma sai 2017 da fim ɗin Fences, rawar da tun 2010 ta taka a dandamali tare da Denzel Washington.