Na'urar busar da tufafi ta rage sauri: a gyara ko a sayi sabuwa?

Hajiya, kin ce na'urarki ta kai shekara 10, yanzu sai ta yi awa 2 kaya na nan da danshi, ko ki sayi sabuwa? Kada ki fitar da kuɗi tukuna.

Fara da ragar da ke tare zaren tufafi, ki goge ta tas. Sannan ki ciro bututun baya mai fitar da iska. Mu nan Zariya ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe shi, wani lokaci ma har zanzaro kan yi gida a ciki. In iska ba ta fita, danshin nan yake zama a cikin kaya, kuma toshewar kan jawo gobara.

Ki lura da wutar lantarki ma. Na'urar tana son volt 220 zuwa 240. In wuta ta zo da rauni, zafin ba ya kai wa. In gangar tana juyawa amma iskar sanyi take hurawa, galibi wayar da ke samar da zafi a cikinta ce ta ƙone, masu gyara a Sabon Gari za su canja ta.

Sai in injin ne ya mutu zan ce ki saya. Ni dai tawa sai damina nake kunna ta, sauran watanni igiyar shanya ta ishe ni.