Amsa kan samun aikin bincike a kwalejin koyon likitanci

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce kin yi digiri a fannin nazarin ƙananan halittu, kin gama hidimar ƙasa, kuma kina tambaya ko wanda ba likita ba zai iya samun aiki a kwalejin koyon likitanci a nan Kaduna. Zai iya, domin ni ma ba likita ba ce, kuma na daɗe ina cin abinci a wannan fanni.

Ayyukan iri biyu ne. Na farko su ne na cikin asibitin koyarwa, kamar Barau Dikko na Jami'ar Jihar Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika: ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin hoto, sashen magunguna da ofishin katin marasa lafiya. Waɗannan suna da fansho, amma yawancinsu sai da lasisi. Digirinki kaɗai ba zai ba ki damar gwada jinin marar lafiya ba sai da rajistar MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin gwaje-gwajen asibiti a Najeriya, kuma gara ki san haka tun yanzu.

Na biyu, wanda nake ganin ya fi dacewa da ke, shi ne aikin mataimakiyar mai bincike. Idan malami ya samu tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na wata ƙungiyar waje, yana buƙatar masu yi wa mutane tambayoyi, masu shigar da bayanai a kwamfuta, da masu kula da samfurin jini. Ba kasafai ake tallata irin wannan gurbi a jarida ba, daga bakin malaman sashe ake jin labarinsa. Saboda haka ki kai takardunki da kanki sashen kiwon lafiyar al'umma da na yara, kuma kafin nan ki koyi Excel da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya ko kwamfuta, ki nemi takardar shaidar horo kan ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam, wadda ake samu ta intanet.

Hausar da ke bakinki jari ce babba. Na sha zama a kan benci da uwa tana riƙe da ɗanta mai ciwon sikila, ina yi mata bayanin takardar amincewa layi-layi, ina tabbatar mata cewa ko ta ƙi shiga binciken ba za a fasa duba ɗanta ba. Wata takan ce sai ta shawarci maigida, kuma dole a bar ta ta tafi ba tare da matsi ba. Wadda ba ta iya rubutu ba takan dangwala yatsa a gaban shaida. Bayan haka sai a liƙa lamba a jikin kwalbar jini, a sake duba ta sau biyu, domin kuskuren lamba ɗaya yana iya ɓata wahalar wata guda. Wanda malamai suka shaida ba ya ƙirƙirar amsa idan ya gaji, shi suke sake kira.

Abin da zan gargaɗe ki a kai shi ne aikin na kwantiragi ne, yana ƙarewa ranar da kuɗin tallafi ya ƙare. Na taɓa zama wata huɗu babu albashi tsakanin wani bincike da wani, kuma na ji jiki ƙwarai. Don haka kafin ki sa hannu, ki tambayi tsawon kwantiragin, da wanda zai biya kuɗin mota idan an fita ƙauye, kuma ki roƙi a rubuta miki su a takarda. Allah Ya ba ki sa'a.